Karatun Nesa Ga Yarinyar Da Ta Gama Sakandare: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Biya Kuɗi

Tambaya: Ƙanwata tana da shekara 18, ta gama sakandare, ta zana JAMB sau biyu ba ta samu gurbi ba. Iyayenmu sun ce a sa ta a karatun nesa ta riƙa yi daga gida ta waya, tunda babu yajin aiki, babu zaman hostel, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Ni ne zan biya. Akwai wata illa da ya kamata mu sani?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya a kan karatun ƙanwarka. Akwai illa, kuma ta fi faɗa wa irin ɗalibar da ka kwatanta: mai ƙarancin shekaru, wadda ba ta taɓa zama a babbar makaranta ba, wadda za ta yi karatun a tsakar gidansu da waya a hannu. Na daɗe ina koyarwa, kuma ina cikin masu ja-gorar ɗalibai a wata cibiyar karatun nesa, don haka ba maganar mai ƙin abin zan yi maka ba. Ina son tsarin, na ga mutanen da ya ɗaga. Amma na ga waɗanda suka shiga da murna suka ɓace kafin a kai zango na uku, kuma kamanninsu ɗaya ne kusan kullum.

Karatun nesa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai malaman makaranta da akawuna da suke karatu ta gidan waya da kwalejoji irin su Wolsey Hall da Rapid Results a Ingila, su aika amsa a ambulan, su jira makonni a dawo musu da gyara. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, kuma malaman firamare da yawa a Arewa ta hanyarta suka samu NCE ba tare da sun bar ajinsu ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Obasanjo, wanda shi kansa ya koma ya yi karatu a cikinta bayan ya sauka daga mulki. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Maiduguri da ta Modibbo Adama a Yola duk suna da cibiyoyin karatun nesa. Ka duba waɗanda aka gina wa wannan hanya: malamin da ke bakin aiki, ɗan sanda, ma'aikaciyar jinya, matar aure mai 'ya'ya, har da ɗaurarre a gidan gyaran hali. Manya ne da suka san abin da suke nema, waɗanda rayuwa ta riga ta koya musu tashi a kan lokaci. Ƙanwarka ba ta kai nan ba tukuna, kuma wannan ba laifinta ba ne.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, makaranta ba darasi kaɗai take bayarwa ba. Tana ba ɗalibi lokaci da aka yanke masa, ƙarfe takwas lakca, ƙarfe goma wata. Tana ba shi wuri da kujera da ba mai aiken sa. Tana ba shi malamin da zai ga fuskarsa ya gane bai fahimta ba, da abokan da za su ce masa gobe akwai gwaji. Idan aka koma karatun nesa, darasin yana nan, wani lokaci ma ya fi na aji tsari, amma duk sauran an sauke su an ɗora wa ɗalibi da gidansu. Wanda gidansu ke da ɗaki na daban da sola da kwamfuta da wani babba da ya yi jami'a, ba zai ji nauyin ba. Wanda ba shi da su, shi zai ƙirƙire su da kansa kafin ma ya buɗe shafi na farko. Shi ya sa nake cewa tsarin yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, yana kuma tona raunin mai rauni.

Mu fara da gidan, domin nan ne iyayenku suka ga alheri, kuma nan ne na fi jin tsoro. Yarinyar da take fita makaranta da safe kowa ya san ta tafi karatu. Yarinyar da take zaune a ɗaki da waya, a idon mutanen gida tana nan, hannunta a sake yake. Za a ce ta ɗora tukunya, ta duba yaro, ta kai wa maƙwabta saƙo, ta raka wata asibiti, ta tari baƙi. Babu wanda yake yi da mugunta, kowane aike na minti goma ne. Amma karatun jami'a yana buƙatar awa biyu ko uku a jere da hankali a wuri ɗaya, kuma minti goma sau shida ya isa ya cinye shi. Ita kuma tarbiyyarta ba za ta bar ta ta ce wa mahaifiyarta "ina lakca" ba, balle ta ce wa gwaggo. Sai ta tura karatun zuwa dare, lokacin da ta gaji, lokacin da cajin waya ya kusa ƙarewa. Na sha jin ɗalibai mata suna cewa sai bayan sha ɗaya na dare suke buɗe littafi. Matar aure mai shekara talatin da biyar tana iya jure wannan saboda ita ta zaɓa kuma tana da ikon tsara gidanta. Yarinya mai shekara 18 a gidan iyayenta ba ta da wannan ikon.

Akwai kuma wani abu da ke biyo baya. Idan zango ɗaya ya wuce sakamako bai yi kyau ba, ba wanda zai ce gidan ne ya hana ta. Za a ce ba ta da ƙoƙari, ko wayar ce ta ɗauke mata hankali. Daga nan maganar karatun takan mutu a hankali, ba tare da an taɓa zama an yanke shawarar a daina ba.

Sai wuta da data da sabis. Ka san halin da ake ciki, ba sai na tsawaita ba, amma ka sa su a lissafi. Lakca ta bidiyo kai tsaye tana iya cin rabin giga zuwa giga ɗaya a awa guda, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layukan da ke kawo wuta. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Ɗalibin da ke zuwa aji, ko ba wuta malam zai tsaya gaban allo ya koyar. Ɗalibin nesa, ranar da sabis ya ɗauke makarantarsa ta rufe, kuma ranar rufe fotal, wato shafin intanet na makaranta da ake miƙa aikin gida, ba ta jiran kowa. Wannan ba matsalarmu kaɗai ba ce. Lokacin korona, da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su da hanyar samun darasin nesa ko kaɗan, ko ta intanet ko ta rediyo ko ta talabijin.

Ita kanta wayar matsala ce. Littattafan kwas sukan kai shafi ɗari biyu ko fiye, kuma an tsara su ne don takarda ko allon kwamfuta. A waya sai an yi ta jawowa ana matsarwa, jadawali ya rabe biyu, lissafi ya ɓata. Sannan a cikin wannan wayar ne WhatsApp da TikTok suke, saƙo yana shigowa a tsakiyar sakin layi. Babba ma yana fama da wannan. Idan aka ce za a buga littattafan a shagon kafe, kwas bakwai ko takwas a zango, ka lissafa kuɗin shafi, za ka ga inda sauƙin kuɗin ya fara zubewa.

Amma ko da ka sa mata sola ka saya mata laftof, babbar matsalar tana nan, ita ce rashin wanda zai ji karatunta. A makarantar allo ba a wanke allo sai an biya wa malam ya ji, ya gyara inda harshe ya karkace, sannan ya yi ƙari. Wanda ya zauna shi kaɗai yana ƙara wa kansa zai iya yin nisa da kuskure a bakinsa bai sani ba. Haka karatun nesa yake ga mai farawa. Ɗaliba za ta karanta babi, ta ji kamar ta gane, ta wuce na gaba. Babu wanda ya tsayar da ita ya ce maimaita min da bakinki. Jin an gane da ganewa ta gaskiya abu biyu ne, kuma ɗalibi ba ya iya bambanta su da kansa sai ya ƙware. A aji, idan na yi bayani na ga idanu sun yi shiru, na san in sake da wani misali. A lakcar intanet sunaye nake gani a baƙin allo, kyamara a kashe saboda tsimin data, makirfo a kashe saboda hayaniyar gida. In na tambaya ko an gane, mutum biyu za su rubuta "eh", sauran ban san ko suna wurin ba. Mai ƙarfin hali zai turo tambaya. Mai kunya, wadda ba ta taɓa yi wa malamin jami'a magana ba, ba za ta turo ba, kuma ita ce ta fi buƙata.

Ga mu Hausawa akwai ƙarin nauyin Turanci. Yaranmu da yawa suna fitowa daga sakandare da kiredit a Ingilishi, amma ba su taɓa karanta shafi ashirin a jere na rubutun ilimi su fitar da ma'anarsa ba. A jami'ar da ake zuwa aji, shekarar farko ce take gyara wannan ba tare da an lura ba. Malam yana faɗa yana maimaitawa, wani lokaci ya jefa kalmar Hausa. Bayan lakca a zauna ƙarƙashin bishiya, wanda ya gane ya warware wa sauran da harshen gida, a yi gardama, a koma kan littafi. Kunne yana sabawa, baki yana sakewa. A karatun nesa kusan komai rubutu ne, umarni rubutu, darasi rubutu, tambaya rubutu. Wanda karatunsa na Turanci yake da rauni, an rufe masa ƙofa ɗaya tilo da ake shiga. Tunda ƙanwarka ta zana JAMB sau biyu ba ta samu gurbi ba, ka duba makinta da idon basira. Mai yiwuwa makin ya yi kyau gurbi ne ya yi kaɗan, hakan na faruwa kowace shekara ga dubban yara. Amma idan makin ne ya gaza, to tana buƙatar ƙarin malami a kusa da ita, ba a rage mata ba.

Binciken da aka yi a ƙasashen da ba su da matsalar wuta ya nuna abu ɗaya, kuma shi ya sa ba na yarda a ce laifin NEPA ne kawai. A 2017 Eric Bettinger na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun duba sakamakon ɗalibai fiye da 230,000 a wata babbar jami'a mai zaman kanta a Amurka, inda ake koyar da kwas ɗaya da manhaja ɗaya da littafi ɗaya a aji da kuma ta intanet. Waɗanda suka ɗauka ta intanet makinsu ya ragu da kusan 0.44 a ma'aunin da ƙololuwarsa 4 ne, kuma sun fi barin makarantar a zangon da ya biyo. Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne, faɗuwar ta fi tsanani ga waɗanda dama makinsu yake ƙasa, masu ƙoƙari sosai kuwa ba su ji jiki haka ba. Wasu masu bincike, Di Xu da Shanna Jaggars, sun ga irin wannan a kwalejojin jihar Washington ta Amurka: tazarar ta fi faɗi ga ƙananan ɗalibai da waɗanda suka shigo da rauni. A matakin firamare da sakandare abin ya fi muni. Cibiyar CREDO ta Stanford ta gano a 2015 cewa yaran da ke makarantun intanet zalla a Amurka suna baya da abin da ya kai kwana 180 na karatu a lissafi a shekara guda, da kwana 72 a karatun rubutu, idan aka gwada su da takwarorinsu masu zuwa aji. Kwana 180 kusan shekarar karatu ce cur.

Holan tana cikin ƙasashen da suka fi kowa intanet mai ƙarfi, kuma makonni takwas kawai ta rufe firamare a farkon korona. Duk da haka binciken da aka yi a kan sakamakon jarrabawar yaran ya nuna kusan ba su ci gaba ba a wannan lokaci, kuma asarar yaran da iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba ta fi ta sauran da abin da ya kai kashi 60 cikin ɗari. Su kuwa kwasa-kwasan kyauta na intanet da manyan jami'o'i suke sakawa, an duba na jami'o'in Harvard da MIT na Amurka a dandalin karatun intanet na edX, aka ga a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin ɗari ne na masu rajista suka kammala. Gaskiya ne da yawansu leƙe kawai suka je yi, kuma digirin da aka biya wa kuɗi ba haka yake ba. Amma adadin yana nuna wuyar da ke cikin mutum ya riƙe kansa shi kaɗai har ƙarshe.

Binciken da ya fi burge ni daga Botswana ya fito, lokacin korona. An raba gidaje, wasu ana tura musu tambayoyin lissafi ta tes kowane mako, wasu kuma bayan tes ɗin wani malami yana kiran su a waya na minti goma sha biyar zuwa ashirin ya bi darasin da yaron. Tes kaɗai bai kawo canji mai ɗorewa ba. Tes da kira ya ɗaga makin yaran. Ƙaramar waya ce, babu bidiyo babu intanet. Abin da ya yi aiki shi ne muryar mutum da ke tambayar yaro ya ji inda ya tsaya. Ka riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin shawarar da zan ba ka.

Akwai wata ɓaraka da nake jin zafinta ƙwarai. A yawancin tsarin karatun nesa ana ba da aikin gida ta fotal wanda yake ɗauke da wani kaso na maki, galibi kashi 30, jarrabawa kuma 70. Duk inda ake haka, sai ka samu masu sayar da amsoshi a zaurukan WhatsApp da Telegram, da masu shagon kafe da za su ce kawo lambarka in cike maka. Tun ƙarshen 2022 kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da ke rubuta amsa cikin daƙiƙa. Satar amsa tana nan a kowace irin makaranta, amma a nan babu idon kowa, kuma ɗalibar da ta makale ba ta da wanda za ta tambaya, ga lokaci yana ƙurewa. Yarinya mai gaskiya ma takan faɗa, ta ce wannan karon kawai. Aikin gidan nan kuwa shi ne kaɗai ma'aunin da zai nuna mata ta gane ko ba ta gane ba kafin jarrabawa. Idan aka cike mata, za ta ga maki mai kyau, kai ma ka gani ka yi murna, sai a zauren jarrabawa gaskiya ta fito. Mafi muni shi ne wadda ta lallaɓa ta wuce a haka har ta karɓi takarda, aka kira ta intabiyu ta kasa bayanin abin da ta karanta.

Wasu fannonin kuma hannu suke so. Ba a koyon ɗaura drip ko haɗa sinadarai ko auna fili ta bidiyo. Shi ya sa za ka ga digirin jinya na nesa ana buɗe shi ne ga waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan jinya masu rajista, suka yi shekaru a gefen gadon majinyaci. Idan burinta likitanci ne ko haɗa magunguna ko injiniyanci, wannan ba hanyarta ba ce. Ka tambaye ta abin da take so ta zama, ita da bakinta, ba a gaban iyayenku ba.

Kada kuma mu raina abin da zama cikin mutane yake koyarwa. A shekarun nan na 18 zuwa 22 ne mutum yake koyon tsayawa gaban aji ya yi bayani, ya yi aiki da wanda ba yarensu ɗaya ba, ya shiga ofis ya nemi haƙƙinsa da ladabi, ya san malamin da zai rubuta masa takardar shaida gobe. Ma'aikaci mai shekara arba'in ya riga ya samu wannan a wurin aiki. Ita ba ta samu ba, kuma idan ta yi shekara huɗu ko biyar a ɗaki za ta fito da digiri amma da kunyar 'yar sakandare. Kaɗaicin ma yana da nasa ciwon. Ƙawayenta suna turo hotunan makaranta, ita tana gida tana jin kamar an bar ta a baya. Na ga ɗaliban da ba wuyar kwas ce ta kore su ba, rashin wanda za su ce wa "ni ma ban gane ba" ne.

Game da takarda, digirin da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da shi digiri ne, ko ta aji ko ta nesa, kuma ba na goyon bayan masu raina shi. Amma akwai abubuwan da za ka tabbatar. An yi shekaru masu yawa waɗanda suka gama ta karatun nesa ko na wucin gadi ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar keɓewa ake ba su, kuma ɗaliban shari'a na NOUN sun daɗe suna fafutukar a bar su su shiga Makarantar Horar da Lauyoyi. Babba mai aiki bai damu da bautar ƙasa ba. Ga yarinya mai neman aikin farko, shekarar nan da alawus ɗinta da ƙwarewar da ke cikinta abu ne babba. Ka je cibiyar da kanka, ka nemi a faɗa maka matsayin kwas ɗin da take so a yanzu, a wurin NUC da wurin hukumar bautar ƙasa, NYSC, da wurin hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista. Ka kuma yi nesa da masu tallar digirin intanet na ƙasashen waje cikin 'yan watanni. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin makonni shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu da shekarunsu.

Hujjojin iyayenku ba na banza ba ne, kuma ka gaya musu haka. Yajin aikin ASUU ya ci kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, duk wanda ya ga ɗansa zaune a gida a lokacin yana da dalilin gudun sa. Tsoron hanya da tsoron hostel ga 'ya mace ma gaskiya ne a wannan zamani. Maganar kuɗi ce nake so ka sake lissafawa: rajistar zango, kuɗin kowane kwas, kuɗin kowace jarrabawa, data, bugun littattafai, laftof, abin caji, kuɗin mota zuwa cibiya lokacin jarrabawa, da kuɗin sake kwas idan an faɗi. Sau da yawa har yanzu ya fi sauƙi. Amma karatun da aka biya wa shekara biyu aka bari ya fi kowane tsada.

Da ƙanwata ce, zan fara duba abin da ke cikin garinmu wanda za ta je da safe ta dawo da yamma: kwalejin ilimi, kwalejin kimiyya da fasaha, makarantar jinya ko ta kiwon lafiya, karatun sharar fage na jami'ar jiha, ko IJMB wanda ake shiga aji biyu na jami'a da shi. Wannan ya warware tsoron hostel, ya kuma bar ta a gaban malami. Idan ta samu NCE ko difloma, ta ƙara shekaru, ta iya karatu da kanta, ƙila ma ta fara aiki, a lokacin karatun nesa zai zame mata alheri, ta ɗora digiri a kai ko tana gidan miji.

Idan kuwa babu wata hanya sai wannan, to kada ku sa ta ku juya baya. Ku zauna da Mama da Baba a yanke awanni, misali tara zuwa sha biyu na safe, a sanar da kowa a gidan cewa a wannan lokaci ba ta nan, ko da ana ganin ta. Mafi kyau ma ta riƙa fita zuwa cibiyar karatun ko ɗakin karatu na gari kwana uku a mako, da littafi bugagge a hannu. Ta nemi 'yan kwas ɗinsu biyu ko uku mata su riƙa haɗuwa ido da ido. Zangon farko kada ta ɗauki kwas fiye da mafi ƙarancin abin da aka yarda. A samo mutum ɗaya, kai ko wata malama a unguwa ko ɗalibar da ke gaba da ita, wanda zai zauna da ita ko ya kira ta kowane mako. Kada tambayar ta zama "kina karatu?", domin amsar kullum eh ce. A ce ta rufe littafi ta yi bayanin babin da ta karanta da Hausa, sannan da Turanci. Aikin gida kuma ta yi shi da hannunta ko da makin zai zo ƙasa, kuma ka gaya mata tun yanzu cewa ba za ka yi faɗa a kan ƙaramin maki na gaskiya ba.

Kafin ka biya ko sisi, ku yi gwaji. NOUN tana saka littattafan kwasa-kwasanta kyauta a shafinta na intanet. Ku sauke ɗaya na shekarar farko a fannin da take so, ku ba ta mako huɗu da awannin da aka yanke, a gidan yadda yake, da wayar da take da ita. Duk ranar Juma'a ta yi maka bayanin abin da ta karanta. Idan mako huɗu suka cika ta riƙe lokacin, gidan ya ƙyale ta, bayaninta kuma yana fita, ka biya mata da kwanciyar hankali. Idan ka ga a mako na biyu an fara "yau an yi baƙi", "jiya ba caji", to ka kai wa iyayenku abin da ka gani, ku nemi fom ɗin makarantar da za ta riƙa zuwa da ƙafarta.